Yaron da ya kwanta rub-da-ciki a kan ƙanƙara

Masu karatu, da a littafina na saka labarin Yun Sung-bin, na tabbata sai kun ce ƙaryar marubuci ta yi yawa.

Wasan sunansa skeleton. Mutum zai sheƙo da gudu, ya faɗa rub-da-ciki bisa wani ɗan faifan ƙarfe, kai a gaba, ya gangara hanyar ƙanƙara da gudun da ya haura kilomita 120 a awa. Babu birki fa! A garin St. Moritz na ƙasar Suwizalan wasan ya samo asali. Ya shiga gasar Olamfik a 1928 da 1948, aka jingine shi sai 2002, kuma kafin 2018 lambobin yabonsa ba su taɓa fita daga Turai da Amurka da Kanada ba.

Shi ko Yun, ɗan Koriya ta Kudu, sai 2012 ya fara, yana ɗan sakandare. A Sochi a 2014 ya zo na 16. A 2018, gasar ta zo ƙasarsu, ya ɗauke zinare da tazarar daƙiƙa 1.63, a wasan da ƙiftawar ido ke raba gardama.

A wannan gasar ce 'yar Najeriya Simidele Adeagbo ta zo ta 20.