Bayanan Bibiya: Dalilin da Ya Sa Masu Ƙididdiga Ke Komawa Gida Ɗaya

Sau da yawa jama'a kan yi mamakin ganin jami'an ƙididdiga sun sake sallama a gidan da suka riga suka yi wa tambayoyi, alhali ga maƙwabta ba a taɓa shiga nasu ba. Ba son kai ba ne, kuma ba shirin ɗora haraji ba ne. Wata hanya ce ta binciken tattalin arziki da za mu kira bayanan bibiya, wato a zaɓi wasu gidaje, ko gonaki, ko jihohi, a riƙa auna su ɗin dai shekara bayan shekara.

A Amurka, Jami'ar Mishigan ta fara irin wannan aiki a 1968 da iyalai kimanin 5,000. A Nijeriya kuwa, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tare da Bankin Duniya, ta fara bibiyar gidaje kimanin 5,000 a 2010/2011, ta koma a 2012/2013, da 2015/2016, da 2018/2019, da 2023/2024. A kowane zagaye akan je sau biyu: bayan shuka da bayan girbi.

Amfanin komawa

Mu ɗauki misalin manoma biyu. Na farko yana da ƙasa mai ƙarfi, ya zuba taki buhu 4, ya sami masara buhu 30. Na biyu gonarsa jigawa ce, ya zuba buhu 1, ya sami 12. Wanda ya zo sau ɗaya zai ce ƙarin taki buhu 3 ya kawo ƙarin masara 18, wato kowane buhu ya haifar da 6. Wannan lissafi kuskure ne, domin an jingina wa taki abin da ƙarfin ƙasa da ƙwarewar manomi suka kawo. Ƙwararren manomi shi ne kuma ya fi sayen taki, don haka abubuwan biyu a cakuɗe suke.

To, idan aka dawo baɗi aka tarar na biyu ya zuba buhu 2 ya sami 15, an kwatanta shi da kansa ke nan. Gonar ita ce dai, manomin shi ne dai, takin ne ya sauya, kuma ƙarin buhu 3 ne kacal. Wannan ita ce hanyar tsayayyun halaye: duk abin da ba ya sauyawa a gida, ko an auna shi ko ba a auna ba, yana fita daga lissafi da kansa. Masani Yair Mundlak ya nuna haka a 1961 da bayanan gonakin Isra'ila. Sai dai akwai sauran aiki, domin wataƙila damina ce ta yi kyau a shekara ta biyu. Saboda haka akan cire ƙarin da kowa ya samu a shekarar, har da waɗanda ba su ƙara taki ba.

Akwai hanya ta biyu, wadda ke ɗaukar cewa halayen gidaje sun faɗo ne barkatai, ba su da alaƙa da yawan takin da ake zubawa. Idan zaton ya tabbata, sakamakonta ya fi kaifi. Idan bai tabbata ba, ta ɓatar da mai bincike. A 1978 Jerry Hausman, wanda duk da sunansa Ba'amurke ne ba Bahaushe ba, ya fito da gwajin da ke kwatanta sakamakon hanyoyin biyu. In sun yi hannun riga, sai a riƙe ta farko. A ganinmu, a harkar noma da wuya zaton hanya ta biyu ya tsaya.

Hanya ta farko ma tana da iyaka. Ba ta iya auna tasirin abin da ba ya sauyawa, kamar nisan ƙauye daga kasuwa. Har ila yau, tun da da bambancin shekaru take aiki, ƙaramin kuskure yana yi mata babbar illa. Magidancin da ya rage buhu 5 a amsarsa ta bana don tsammanin tallafi, ya sa an rubuta masa asarar da bai yi ba.

Ga hakimai, dagatai da jami'an ƙananan hukumomi

Babbar matsalar wannan aiki ita ce ɓacewar gidaje. Daga cikin waɗanda ke ƙaura akwai waɗanda fari, ambaliya ko rashin tsaro suka tayar. Idan aka rasa su, sai lissafi ya nuna jama'a sun fi samun sauƙi fiye da yadda abin yake. Don haka mai unguwar da ya san inda wani gida ya koma, ya taimaka wa jami'ai da kwatance, kada ya kawo wani gida a madadinsa.

Muna kuma jan hankalin jami'ai cewa an tsara binciken na ƙasa ne domin ya ba da hoton Nijeriya baki ɗaya, da birni da karkara, da shiyyoyi 6. Gidajen da aka zaɓa a jiha guda ba su kai yawan da za a kafa hujja da su a kan ƙaramar hukuma ba, balle gunduma.