Daga Dokar 1935 Zuwa Ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa: Tarihin Yaƙi da Shaye-shaye

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ƙananan hukumomi uku ne masu kujera ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Suna kudu maso yammacin Jihar Katsina, inda jihar ta yi iyaka da Zamfara da Kaduna. Ƙasar masara ce da dawa da auduga, kuma babbar hanyar Funtuwa zuwa Gusau ta ratsa ta Sheme da 'Yankara. A 'yan shekarun nan an fi jin sunayensu a labaran 'yan bindiga, musamman tun daren 11 ga Disamba 2020 da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara. Jami'an tsaro sun sha faɗin cewa ƙwaya na cikin kayan da ake kai wa 'yan daji, tare da mai da abinci. Ita ce kuma ke cin matasan da suka rage a gari. To, a cikin hukumomin gwamnati, wannan aiki a wuyan wa yake? Amsar tana da dogon tarihi.

Tun 1935 Turawan mulkin mallaka suka kafa dokar magunguna masu haɗari. Bayan juyin mulkin 1966 sojoji suka fito da dokar tabar wiwi, wadda ta kai ga tanadin hukuncin kisa ga mai noma ta, kafin a sassauta a 1975. Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta sake tsanantawa da Doka ta 20 ta 1984, har aka harbe mutum uku a Kirikiri ta Legas a watan Afrilun 1985 kan safarar miyagun ƙwayoyi. Duk da tsananin hukunci, aikin a warwatse yake: 'yan sanda na nasu, kwastam na nasu, ma'aikatar lafiya na nata. Idon gwamnati ma yana kan hodar ibilis da ke bi ta filin jirgin Legas zuwa Turai da Amurka. Abin da ɗan ƙwadago ke haɗiya a gonakin Arewa bai samu irin wannan kulawa ba.

Yunƙurin farko na tattara aikin wuri guda ya biyo bayan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan safarar miyagun ƙwayoyi da aka ƙulla a Biyana a 1988. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, NDLEA, da Doka ta 48 ta 1989. A 1993 aka kafa NAFDAC don kula da ingancin abinci da magunguna. A 1994, shekarar da Amurka ta sa Najeriya cikin ƙasashen da ba sa ba da haɗin kai a wannan yaƙi, aka kafa kwamitin haɗin gwiwar ma'aikatu, sannan a 1999 aka fitar da babban kundin tsari na ƙasa na farko. A takarda dai, an gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai dai cutar da ta kama Arewa ta zo da wata kama. Yawancin abin da ake sha magani ne na asibiti da aka karkatar. Tramol da likita ke rubutawa mai ƙarfin miligiram 50 ko 100 ne, amma wanda ya cika kasuwa yakan kai 225, kuma ɗan ƙwadago na shan sa don ya yini yana huɗa bai gaji ba. Ga maganin tari mai kodin da ya shiga har ɗakunan matan aure, ga roci, ga sholisho na masu faci, ga wiwi da ake kawowa daga Kudu. Rajistar magani aikin NAFDAC ne, lasisin shagon kemis na hukumar masu harhaɗa magunguna, bakin iyaka na kwastam, kamu kuma na NDLEA. Ta tsakanin waɗannan ofisoshi kaya ke sulalewa, daga manyan kasuwannin magani har su sauka a tiren mai talla ranar kasuwar ƙauye.

A 2017 Majalisar Dattawa ta ji cewa ana shan kwalbar kodin miliyan uku kullum a Kano da Jigawa, ta kuma kira babban taro a Kano a watan Disamba. Ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da bincikenta kan kodin, ranar 1 ga Mayu Ministan Lafiya Isaac Adewole ya haramta shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi. Binciken ƙasa na 2018, wanda Hukumar Ƙididdiga ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, ya gano mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 da ke shaye-shaye, kusan miliyan uku daga cikinsu a Arewa maso Yamma, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. A Disamban wannan shekarar Shugaba Buhari ya naɗa kwamitin ba da shawara ƙarƙashin Birgediya Janar Buba Marwa, wanda ya zama shugaban NDLEA a Janairun 2021. Kundin tsari na 2021 zuwa 2025 ya tsaya a kan ginshiƙai huɗu: toshe hanyar kaya, rage masu sha, samar wa majinyata magungunan da doka ta tsare, da daidaita aikin hukumomi.

Jihar Katsina ta nuna tana iya haɗa kan hukumomi idan ta so. Daga ƙarshen Agusta zuwa Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka hana sayar da mai a jarka, aka dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan ukun. A Oktoban 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma. Gwamnatinsa ta kuma kafa hukumar Hisba. Ɓangaren da aka bari a baya shi ne jinya. Iyayen da ɗansu ya kamu sun daɗe ba su da inda za su kai shi sai gidan mari, kuma samamen da 'yan sanda suka kai irin waɗannan gidaje a Daura da Katsina a Oktoban 2019 ya tona irin azabar da ake sha a ciki. An rufe gidajen, amma cibiyoyin gyara na zamani har yanzu a manyan birane suke, nesa da mutumin Sabuwa.

Darasin shekara casa'in ɗin nan a fili yake. Hukunci ne ya fara zuwa, haɗin kai ya biyo a makare, kuma yawanci yakan tsaya a Abuja da babban birnin jiha. Abin da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ke buƙata shi ne teburi ɗaya a kowace ƙaramar hukuma, inda shugabanta da hakimi da limamai da jami'in NDLEA da na asibiti da ƙungiyar masu kemis za su riƙa zama, da kasafin kuɗi a rubuce, da ɗakin jinya a babban asibitin garin. Da wannan ma'auni ya kamata jama'ar yankin su auna duk wani sabon kundi da za a ƙaddamar.