Saura da Naman Daji: Tarihin Dangantakar Noma da Farauta a Ƙasashen Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Gabatarwa

Wannan takarda ta samo asali ne daga wata tambaya da ɗalibanmu masu koyon aikin gona suka yi mana, bayan sun karanta yadda wasu manoman Amurka ke ware wani yanki na gonakinsu, su auna ƙarfin ƙasar, su barbaɗa mata garin farin dutse irin wanda ake siminti da shi domin rage mata tsami, su zuba taki, sa'an nan su shuka ciyawa da dangin wake. Abin da suka shuka ɗin ba na rumbu ba ne, ba kuma na kasuwa ba. Barewa ake nomawa, ta zo ta yi kiwo ta yi ƙiba, in lokacin farauta ya kama a harbe ta. Tambayar ɗaliban ita ce: shin Bahaushe ya san irin wannan?

Noma domin naman daji ba al'adar Bahaushe ba ce. Amma abin da muke son nunawa a nan shi ne, tsarin noman da aka bi a kudancin Katsina kafin zuwan takin zamani ya ciyar da namun daji ba tare da manomi ya yi niyya ba, domin kuwa hanyar da ƙasa ke samun ƙarfi da hanyar da gada ke samun abinci duk guda ce, watau saura. Da hanyar gyaran ƙasa ta sauya, sai farauta ta sauya tare da ita.

Ya kamata mu gyara wani ruɗani tun da wuri. Dabbar da Amurkawa ke wa noma, wadda masu fassara kan kira barewa, ba irin tamu ba ce. Tasu namijin kan zubar da ƙahonsa kowace shekara ya sake fitar da wani, kuma babu irinta a dazuzzukan Afirka kudu da Sahara. Namu su ne barewa da gada da batsiya da mazo da kwanta-rafi, sai manya irin su gwanki da kanki, waɗanda ƙahonsu ba ya zuba.

Ƙasar da dazuzzukanta

Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna gefen yamma da kudu maso yammacin Jihar Katsina, inda ruwan sama kan kai kimanin milimita 1,000 a shekara, ƙasar kuma ta fi ta arewacin jihar nauyi da riƙe danshi. Daga yammansu akwai jerin dazuzzuka da suka kama tun daga Rugu, suka biyo ta Zangon Pauwa da Kogo, har suka haɗe da Kuyambana a Zamfara da Kamuku a ƙasar Birnin Gwari.

Kuskure ne a ɗauka waɗannan dazuzzuka haka suke tun fil'azal. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, cikin littafinsa na tarihin Katsina da aka buga a 1981, ya nuna cewa yankin Ruma ya kasance cike da garuruwa da gonaki, sai bayan tawayen da aka murƙushe a zamanin Sarkin Katsina Sidiku, wanda aka tuɓe a 1844, garuruwan suka watse, wurin ya zama dajin da mayaƙan Maraɗi suka riƙa bi suna kai hari kudu. Ashe ke nan wani ɓangare mai yawa na abin da muke kira ƙungurmin daji tsohuwar gona ce da yaƙi ya tilasta mata hutu. Maharbin da ya bi sawun gwanki a can a ƙarshen ƙarni na 19, a kan kufai da tsofaffin kunyoyi yake tafiya.

Yadda saura ta ciyar da gada

Gonar Bahaushe iri biyu ce a wancan tsari. Akwai ta kusa da gari, wadda Polly Hill ta bayyana da sunan karakara a bincikenta na Batagarawa da ya fito a 1972: ana noma ta kowace shekara, ana kai mata takin gida da toka da shara a kan jakuna, ana kuma roƙon Fulani su sauka a kanta da rani, a ba su hatsi. Sa'an nan akwai gonar daji, wadda taki ba ya isa gare ta saboda nisa. Ita wannan sai a share, a yi sassabe, a ƙone, a noma ta shekaru kaɗan. Da zarar ƙuduji ya fara rufe dawa, manomi ya san ƙasar ta gaji, sai ya bar ta ta zama saura, ya matsa gaba. A yankin da muke magana, inda fili ke da yawa mutane kuwa kaɗan, gonar daji ce ta fi rinjaye.

To, mu dubi abin da ke faruwa a saura. Shekarar farko kyasuwa da sauran ƙananan ciyayi ke rufe ta. Daga nan gamba ta kafu, saiwoyinta su nutsa, su mayar wa ƙasa da ƙarfinta. Kututturan da manomi bai tumɓuke ba, domin gatari da fartanya kaɗai gare shi, sai su yi toho daidai tsawon bakin gada. Itatuwan da al'ada ta hana sarewa, watau ɗorawa da kaɗanya da kanya da ɗinya da tsamiya, suna zubar da 'ya'ya kowane a lokacinsa. A maƙwabciyar gona kuwa akwai wake da aka yi wa dawa rakiya da shi, akwai harawa da roron gyaɗa bayan kaka. In rani ya shigo aka sa wa ciyawa wuta da wuri, kafin ta bushe ƙarau, cikin 'yan makonni sabon tsiro zai fito shar, a daidai lokacin da ko'ina ya yi fari. Ga fadama kuma a kusa. Duk abin da ƙaramin naman daji ke bukata, abinci da maɓoya da ruwa, ya samu cikin tafiyar da ba ta kai ta wuni ba. Hasali ma gada da batsiya da zomo da fakara da zabin daji sun fi yawaita a irin wannan gauraye na gona da saura bisa ga tsakiyar dajin da babu noma.

Maharba sun san wannan sarai, kuma dabarunsu sun nuna haka. Mai yin bago a gindin itacen da ke zubar da 'ya'ya, ko a bakin gonar wake da farin wata, yana amfani ne da abincin da ya san dabba za ta zo nema. Farautar gayya kuwa ba a yin ta sai bayan an kawar da amfanin gona. A wuraren da Maguzawa ke da ƙarfi sai an yi buɗin daji tukuna. Wannan ƙa'ida ta kare gonar mutane daga tattakewa, ta kuma ba dabbobi watannin damina su yi renon 'ya'yansu, ko da ba don haka aka kafa ta ba. Wani abin sha'awa: tsiron da maharbi kan kula da shi musamman domin sana'arsa shi ne kwankwani, wanda ake dafin kibiya da 'ya'yansa. Ya yi wa kwarinsa tanadi, abincin dabbar kuwa ya bar wa manomi.

Me ya sa bai wuce nan ba? A ganinmu dalilin yana ga mallaka. A al'ada da kuma fiƙihun Malikiyya naman daji na wanda ya kama shi ne. Ƙasa kuwa ana mallakarta ne ta hanyar raya ta, kamar yadda Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi bayani a cikin Ta'alimur Radi. Idan an girbe, gona takan buɗe ga makiyayi da mafarauci. Wanda ya shuka wake domin gada, ya shuka wa duk mai kare da gora ne. Daɗin daɗawa, Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajirin ilmi ya karanta, ta karhanta farauta domin wasa kawai, ta halatta ta neman abinci. A wurin manomin Faskari gada ɓarauniyar wake ce da ake ramawa a kanta da rani.

Zamanin Turawa

Bayan 1903 Turawa suka shigo da wani tunani dabam: daji gefe guda, gona gefe guda, da iyaka a tsakani. A 1916 aka kafa dokar kare namun daji da ta gandun daji, daga baya En'e ta riƙa keɓe gandaye tana sa musu malaman daji. Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta dokar namun daji a 1963, ta kasa dabbobi aji-aji, wasu haram ne a taɓa su, wasu sai da lasin. Dokokin sun dubi maharbi da bindigarsa ta toka, ba su dubi abin da dabba ke ci ba.

A lokaci guda kuma gwamnatin da ke kare gwanki ita ce ke cinye saura. Jirgin ƙasa ya ratsa ta Funtuwa ya isa Ƙauran Namoda a 1929, aka kafa injin gurzar auduga a Funtuwa, aka buɗe gonar irin auduga a Daudawa cikin ƙasar Faskari. Noman shanu ya biyo baya. Garmar shanu ba ta shiri da kututture, saboda haka wanda ya karɓi bijimai dole ya tumɓuke gonarsa ƙaf, wanda kuwa ya sha wahalar tumɓuke kututture ba zai sake barin gonar ta koma daji ba. Mutane kuma suka yi ta kwarara daga arewa mai cunkoso suna neman sabuwar ƙasa.

Takin zamani

Babban sauyi ya zo ne da Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da rancen Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gwambe. Gundumomin Ƙanƙara da Faskari suna cikin yankin shirin. An yi hanyoyin karkara, an gina cibiyoyin sayar da kayan noma, an kawo sufa da kamfa a farashin rangwame, da ingantaccen irin masara. Masara, wadda a da ake shukawa a bayan gida a gasa a ci, ta zama amfanin manyan gonaki, yankin kuma ya shiga sahun gaba wajen ciyar da ƙasar nan. Ba za mu raina wannan ba. Da yawa daga cikinmu da kuɗin masarar nan aka biya mana makaranta.

Amma buhun taki ya ɗauke wa saura aikinta. Tun da ana iya sayen ƙarfin ƙasa a kasuwa, babu dalilin barin gona ta huta, balle ga yawan jama'a: ƙidayar 2006 ta ba Ƙanƙara mutum fiye da 240,000, Faskari fiye da 190,000, Sabuwa fiye da 130,000. Tarakta ta share manyan filaye, fadamu suka koma noman rani, maganin feshi ya kashe ciyawar kan iyaka. Gada ta rasa maɓoya, abin da ya rage kuma fitilar goshi da bindiga suka ƙarasa. Farin 1972 zuwa 1974 da annobar shanu ta 1983 sun ƙara matsa wa manyan dabbobin.

Ƙasar ita ma ba ta tsira ba. Gwajin taki na dogon zango da aka fara a Samaru a 1950 ya nuna cewa takin zamani mai naitirojin, in aka daɗe ana zuba shi shi kaɗai ba kashin shanu, yakan sa ƙasa ta yi tsami, amfanin ya riƙa raguwa. Watau ciwon da manomin Amurka ke magancewa da garin farin dutse a gonar barewarsa, shi ne ya kama gonar masararmu. Da aka janye rangwamen taki a 1997, manomi ya waiwaya bai ga saurar da zai koma ba.

Abin da ya bambanta Amurka shi ne, su ma sun kusa ƙarar da barewarsu: wajen 1900 ba ta wuce rabin miliyan ba, daga baya ta farfaɗo har ta kai wajen miliyan 30. Aldo Leopold, cikin littafinsa na 1933, ya koyar da cewa kayan da suka hallaka namun daji, gatari da garma da saniya da wuta da bindiga, su ne kuma za su iya dawo da su in an sarrafa su da hankali. Dokar 1937 ta ware harajin da ake karɓa a kan bindigogi da harsasai, aka zuba kuɗin a gyaran mazaunin dabbobi. Sa'an nan mai gona a can yana da ikon hana kowa shiga filinsa, har ya ba da hayarsa ga masu farauta. Wannan iko shi ne ya mayar da noman barewa abin riba.

Halin da aka shiga

A watan Disamba na 2020 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar amincewa da mayar da gandun dajin Kogo ɗaya daga cikin sababbin gandayen ƙasa guda 10. A cikin watan nan ne kuma, ranar 11 ga wata, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara suka nausa daji da su. A shekarun da suka kewaye wannan lokaci ƙauyuka da dama na bakin daji a ƙananan hukumomin nan uku sun tashi, gonakinsu suka koma saura ta dole, tamkar yadda ta faru a Ruma bayan 1844, sai dai a wannan karo bindigar da ke cikin dajin ba ta toka ba ce. Maharban da suka san hanyoyin dajin, da yawansu sun koma aikin sintiri, Gwamnatin Jihar Katsina kuma ta kafa rundunar tsaron al'umma a watan Oktoba na 2023.

Ranar da masu gonakin nan suka koma, za su tarar da gamba ta kafu, kututture ya yi toho, ƙasar ta huta hutun da ba ta samu ba tun shekarun 1970. In aka bi hanyar da aka saba, tarakta za ta share wannan duka cikin damina biyu. In kuwa hukumar gandun Kogo da malaman gona suna son wani abu ya saura, to wurin aikinsu shi ne zirin da ke tsakanin iyakar gandu da gonar farko: a bar itatuwa masu 'ya'ya, a sa wake da waken suya cikin juyin shuka, a dawo da ƙunar wuri, a kuma zauna da Sarkin Baka da masu unguwanni a yanke wa ke da haƙƙin gadar da ta ci waken wani.