Diyya

Diyya dukiya ce da shari'ar Musulunci ta wajabta a biya wanda aka raunata, ko magadan wanda aka kashe. Cikakkiyar diyyar rai raƙuma 100 ce. A mazhabar Malikiyya, madadinsu shi ne dinari 1,000 na zinariya ko dirhami 12,000 na azurfa. In kisan kuskure ne, dangin mai laifin ta wajen uba suke haɗa ta cikin shekara uku. In kuwa da gangan ne, magada na iya yafe kisasi a sasanta, makashin ya biya daga aljihunsa. Jihar Zamfara ta sanya diyya cikin dokar hukunta laifuffuka a 2000. Masu suka na cewa attajiri ya fi talaka samun wannan mafita ta biyan diyya maimakon kisasi.