Rediyon Tukunya: Nazari a Kan Tarihi da Ƙirar Akwatin Talaka

Kafin mu shiga bayani, ya kamata mu fayyace kalmomi biyu. Bawul, wanda wasu ke kira ƙwan rediyo, ƙaramar kwalba ce ta gilashi da aka zuƙe iskar cikinta, aka dasa mata zaren waya da raga da faranti. Idan zaren ya ɗau zafi sai ya saki ƙwayoyin lantarki su nufi farantin, ragar da ke tsakani kuma ta riƙa tsuke musu hanya ko ta buɗe, ta haka raunanan saƙo ke samun ƙarfi. John Ambrose Fleming ya ƙera na farko a Ingila a 1904, Lee de Forest na Amurka ya ƙara masa raga a 1906. Araha kuwa, a wannan nazari, tana nufin kuɗin saye haɗe da kuɗin riƙo, domin abin da aka saya da sauƙi aka kasa ciyar da shi bai yi araha ba.

Akwatunan sauraro na zamanin bawul iri uku ne. Akwai lasifikar da ake jawo wa waya daga tasha guda, irin wadda aka kafa a Kano a 1944, mai ita ba ya da zaɓin tasha. Akwai rediyon da ake jonawa da wutar gida, na manyan birane. Sai mai batir, wanda shi kaɗai zai yi amfani a gari irin Bibemi da ke gabas da Garwa a arewacin Kamaru, domin madatsar Lagdo da ta wadata yankin da lantarki sai a 1982 aka kammala ta. Tun 1957 BBC ta fara magana da Hausa, a 1958 aka buɗe Rediyon Garwa mai shirye-shirye da Fulatanci da Hausa. Murya ta riga wuta isa karkara, saura abin kama ta.

Mafi shaharar amsa ga wannan buƙata daga Lusaka ta fito, a ƙasar da yanzu ake kira Zambiya. Harry Franklin, jami'in watsa labarai na gwamnatin mulkin mallaka, ya daɗe yana neman kamfanin da zai ƙera rediyon da talaka zai iya saya, har kamfanin batir na Ever Ready ya amsa. A 1949 aka fara sayar da shi a kan fam 5, batirinsa kuma sule 25. An laƙaba masa suna Saucepan Special, wato rediyon tukunya, domin jikinsa tukunyar miya ce ta alminiyum marar mariƙi, mai faɗin kimanin inci 9, an shafe ta da shuɗin fenti.

Cikinsa bawul 4 ne, kowane da aikinsa. Na farko yana karɓar saƙon da eriya ta kamo ya mayar da shi wani mataki guda da ba ya canzawa, ko wace tasha aka murɗo. Na biyu yana ƙarfafa shi a wannan mataki. Na uku yana tace murya daga igiyar da ta ɗauko ta, na huɗu ya ba ta ƙarfin motsa lasifika. Gajeren zango kaɗai yake kamawa, daga mita 25 zuwa 90, kuma da hikima aka zaɓi hakan: igiyar gajeren zango tana bugun saman sararin samaniya ta dawo ƙasa can nesa, don haka tasha ɗaya kan isa ƙauyukan da ke tafiyar kwanaki. Duk wata kafa da ke jikinsa an toshe ta da raga don kada ƙwari su shiga su yi gida. Batirin ya fi ƙarfin cikin tukunyar, sai aka mayar da shi mazauni, rediyon ya hau kansa. A cikinsa akwai ƙarfi biyu, bolt 1.5 na ɗumama zare da bolt 90 na faranti.

A nan ne ma'anar da muka ba araha take aiki. Batirin kan yi kimanin awa 300. Gidan da ke sauraro awa 3 kowane dare, tsakanin Magariba da bayan Lisha, zai cinye shi cikin kwana 100, batir 4 kuma sun kai kuɗin rediyon kansa. Wannan rauni daga bawul yake, domin dole zarensa ya ci wuta muddin ana sauraro. Taransisto, wato 'yar ƙwayar da ke ƙarfafa saƙo ba tare da zafi ba, an ƙirƙiro shi a 1947, ya shiga rediyon kasuwa a 1954, sannu a hankali ya ture bawul, domin shi ƙananan batura irin na tocila sun ishe shi.

Abin da muka fahimta shi ne, masu wannan ƙira sun fara da auna halin mai saye: ba wuta, tasha na nesa, ga zafi da ƙwari, aljihu kuma ba nauyi. Sun warware uku na farko da batir da gajeren zango da tukunya mai raga. Na huɗun, rabinsa suka warware, domin sun sauƙaƙa saye amma riƙo ya gagare su. Duk mai ƙera wa karkarar Bibemi na'ura a yau, fitilar sola ce ko wayar hannu, wannan lissafi na riƙo shi ne zai fara yi.