Iyalan Zangon Wagadugu da Giɓin Wakilci a Binciken Zamantakewa

Gabatarwa

A shekarar 2008 Jeffrey Arnett ya bi manyan mujallun ilimin halayyar ɗan Adam domin ya ga su wane ne ake yin bincike a kansu. Bisa alƙalumansa, Joseph Henrich da abokan aikinsa suka bayyana a 2010 cewa kashi 96 cikin ɗari na mutanen nan sun fito ne daga ƙasashen Yamma masu arzikin masana'antu, alhali ƙasashen ba su wuce kashi 12 cikin ɗari na al'ummar duniya ba. Ashe da yawa daga abin da ake koyarwa game da aure da tarbiyya da zumunci, daga gidajen tsiraru aka ɗebo shi aka ɗora wa kowa. Wannan maƙala ta ɗauki Zangon Wagadugu ta Burkina Faso domin ta nuna cewa shigar da sunan wata al'umma cikin jadawali bai isa a ce an wakilce ta ba. Sai an duba wanda ya tsara tambaya, da ma'aunin da ya auna iyali da shi, da harshen da ya saurari amsa.

Zango da iyalansa

Tun kafin Faransawa su shiga Wagadugu a 1896, ayarin fataken Hausa na ratsa ƙasar Mosi zuwa Gwanja sayen goro. Wasu suka sauke kaya suka zauna a unguwar da aka sani da Zangwetin, wato Zangon Wagadugu. A zangunan Afirka ta Yamma iyali yakan zarce katangar gida. Maigida na saukar da baƙin fatake, ana ba 'yar'uwa riƙon ɗa a wani gari, almajiri na girma a hannun malaminsa, auratayya da 'yan ƙasa kuwa tana haifar da zuri'a mai harshe biyu ko uku.

An yi nazarin irin wannan rayuwa a wasu wurare: Abner Cohen a Sabo ta Ibadan (1969), Deborah Pellow a Sabon Zango na Akara (2002), sai Enid Schildkrout wadda ta bi Mosi mazauna zangon Kumasi (1978). Shi kuwa Elliott Skinner, a littafinsa na 1974, sauyin birnin Wagadugu baki ɗaya ya sa a gaba, Hausawa na cikin baƙin da ya ambata.

A 2003 aka rushe Zangwetin tare da maƙwabtanta irin su Tiyedpalogo da wani ɓangare na Kuluba, ƙarƙashin shirin ZACA na gina cibiyar kasuwanci da ofisoshi. Kimanin mutum 12,500 ne suka tashi, aka ware musu filaye a Ouaga 2000 da Nioko ta ɗaya. Alexandra Biehler ta nazarci lamarin ta fuskar tsarin birni, Louis Audet Gosselin kuma ta fuskar Musulunci da turjiyar mazauna (2012). Ayyuka ne masu daraja. Amma akwai tambayoyin da sai mai nazarin iyali zai ɗauke su da nauyinsu. Gidan da 'ya'yan kaka ɗaya suka gada, yaya aka raba shi? Tsohuwar da ke rayuwa da ciyayyar maƙwabta, wa ya riƙe ta? Matar da jarinta ya dogara ga tallar yara a tsakiyar gari, ina ta sami masu saye a bayan gari?

Matsalar ma'auni

Manyan binciken ƙidaya kan ɗauki iyali a matsayin mutanen da ke kwana wuri ɗaya, suna ci daga tukunya ɗaya, ƙarƙashin shugaba ɗaya. Sara Randall da Ernestina Coast, bisa aikinsu a Burkina Faso da Tanzaniya, sun nuna yadda wannan ma'auni ke datse iyali gida-gida, ya ɓoye hanyoyin da taimako ke bi tsakanin dangi. A gidan Bahaushe abin a fili yake: kishiyoyi na karɓa-karɓar girki, wani maigidan na da mata a unguwanni biyu, bazawara ta koma gidan iyayenta amma 'ya'yanta na wajen ubansu. Haka nan dokar iyali da Burkina Faso ta kafa a 1989, kafin a sauya ta a 2025, ta amince ne kawai da auren da aka ɗaura a ofishin magajin gari. A ƙarƙashin waccan doka, duk wanda ya dogara da rajistar hukuma, auren da liman ya ɗaura da waliyyi da shaidu da sadaki ya kuɓuce masa.

Wani zai ce Hausawa 'yan kaɗan ne a Burkina Faso, ba a sa ran binciken ƙasa ya tsaya a kansu. Haka ne. Ko cibiyar ISSP ta Jami'ar Joseph Ki-Zerbo, wadda tun 2008 take bibiyar jama'a a kai a kai, unguwanni biyar ta zaɓa a arewacin birnin: Kilwin, Tanghin, Nonghin, Polesgo da Nioko ta biyu. Sai dai ƙarancin adadi dalili ne na sauya dabara, a koma ga doguwar hira da tarihin zuri'a. Kuma a kan irin waɗannan iyalai masu ƙetare iyaka ne ake gane ko wani ra'i na da ƙwari ko babu.

Wa ke tambaya?

Da harshe da jinsin mai bincike duk suna shafar abin da zai ji. Mary Smith ta samu tarihin rayuwar wata Bahaushiya mai suna Baba ta Karo ne a 1949 zuwa 1950 saboda ita mace ce mai jin Hausa, tana wuce zaure ta shiga cikin gida. Mai bincike namiji da ke riƙe da takardar tambayoyi ta Faransanci, da tafinta a gefe, iyakarsa zaure, amsar maigida kuwa ita zai rubuta a madadin kowa. Ga kuma rabuwar da mulkin mallaka ya bari: manazartan Kano da Zariya na rubutu da Ingilishi, na Wagadugu da Yamai da Faransanci, ba kasafai wani ke karanta wani ba, sai Zango ya faɗa tsakani.

Kammalawa

Gyaran na hannunmu. Ya kamata jami'o'in Wagadugu da Yamai da Kano su haɗa hannu a kan binciken iyalan zanguna, a horar da 'ya'yan Zango, musamman mata, su tsara tambayoyi kuma su sa hannu a kan sakamako a matsayin marubuta, sannan a mayar wa jama'a da abin da aka gano cikin Hausa domin su gyara kuskure. Aikin na gaggawa ne, domin an haura shekara ashirin da rushe unguwar, kuma dattawan da suka san wa ya auri wa, wa ya riƙi ɗan wa, suna ta raguwa. Hukumar da za ta tayar da wata unguwa gobe da abin da aka rubuta za ta yi aiki, iyalin da ba a nazarta ba kuwa ba zai shiga lissafinta ba.