Daga Wasiƙar Zinoviev Zuwa Akwatin Podesta: Yadda Baƙi Ke Shiga Zaɓen Wasu

Ranar 6 ga Disamba 2024 Kotun Tsarin Mulki ta Romaniya ta soke zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa, saura kwana biyu a je zagaye na biyu. Wanda ya zo na ɗaya, Călin Georgescu, kusan ba a san da shi ba sai da TikTok ya ɗaga shi, kuma takardun da hukumomin leƙen asirin ƙasar suka fitar sun yi nuni da hannun wata ƙasa wajen yayata shi, da dubban hare-haren kutse a kan kwamfutocin zaɓe. Har yau gardamar ba ta kwanta ba. Wasu na cewa an ceci dimokuraɗiyya, wasu na cewa an yi mata yankan rago da sunan ceto. Duka ɓangarorin suna magana kamar wayar hannu ce ta haifi wannan fitina, alhali ta girmi kakan kwamfuta. Abin da tarihinta ke nunawa, a ganina, shi ne baƙo yakan saci takarda ko ya ƙirƙira ta, amma 'yan gida ne ke ɗaukarta su kai ta kunnen mai jefa ƙuri'a, kuma a hannunsu ɓarnar take aukuwa.

Tun a ƙarni na 18 Rasha da Faransa ke zuba zinariya a zaɓen sarakunan Poland, kuma a 1796 jakadan Faransa a Amurka, Pierre Adet, ya fito fili yana yi wa Thomas Jefferson kamfe a jaridu. Amma salon da muke gani yau ya bayyana sosai ne a Birtaniya a 1924. Ranar 25 ga Oktoba, saura kwana huɗu zaɓe, jaridar Daily Mail ta buga wata wasiƙa da aka ce Grigory Zinoviev, shugaban ƙungiyar kwaminisanci ta duniya, ya aika wa 'yan kwaminis na Birtaniya yana zuga su su shirya bore har cikin barikin soja. Gwamnatin Labour ta Ramsay MacDonald, wadda ke ƙulla yarjejeniya da Mosko, ta faɗi zaɓen. Binciken da Ma'aikatar Harkokin Wajen Birtaniya ta wallafa a 1999 ya nuna cewa wasiƙar jabu ce, mai yiwuwa aikin Rashawa 'yan gudun hijira masu gaba da Sobiyet. A nan darasin yake: daga waje aka rubuta ta, amma ta hannun jami'an leƙen asirin Birtaniya ta shigo, jaridar Birtaniya ta buga ta, 'yan siyasar Birtaniya suka yi ta yawo da ita.

Yaƙin cacar baka ya mayar da abin sana'a. Hukumar CIA ta tallafa wa jam'iyyar Christian Democrat da kuɗi a zaɓen Italiya na Afrilun 1948, ta kuma kashe fiye da dala miliyan biyu da rabi don Eduardo Frei ya kayar da Salvador Allende a Chile a 1964. Hukumar KGB ta Sobiyet kuwa ta ƙware a takardun jabu da shuka labari a wata jarida mai nisa don wasu su kwasa. Masanin siyasa Dov Levin ya ƙirga irin wannan katsalandan sau 117 tsakanin 1946 da 2000, 81 na Amurka, 36 na Sobiyet da Rasha. Ya kamata a riƙa tuna wannan lissafi duk lokacin da Washington ta yi magana kamar ita kaɗai aka taɓa cuta.

Kwamfuta ta sauƙaƙe satar ne kawai. An ɗanɗana a Yukren a Mayun 2014, inda masu kutse suka dasa sakamakon ƙarya a kwamfutar hukumar zaɓe mai nuna ɗan takara Dmytro Yarosh a kan gaba, aka gano aka cire kafin ya fito, amma tashar Channel One ta Rasha ta nuna shi duk da haka. Sai 2016 a Amurka. Ranar 19 ga Maris, John Podesta, shugaban kamfen ɗin Hillary Clinton, ya sami saƙon imel mai kama da na Google yana cewa ya canza kalmar sirrinsa. Aka latsa, aka kwashe saƙonni fiye da 50,000. A watan Afrilu jami'an GRU, hukumar leƙen asirin sojan Rasha, suka shiga kwamfutocin jam'iyyar Democrat. Ranar 22 ga Yuli, ana gab da babban taron jam'iyyar, WikiLeaks ta saki saƙonni kusan 20,000 da suka nuna wasu shugabannin jam'iyya na fifita Clinton a kan Bernie Sanders, har shugabar jam'iyyar, Debbie Wasserman Schultz, ta ajiye muƙami. Na Podesta kuwa an fara sakin su ranar 7 ga Oktoba, ƙasa da sa'a ɗaya bayan fitar faifan da aka ji Donald Trump yana munanan kalamai a kan mata, aka ci gaba da sakin su kashi-kashi har zuwa zaɓe. Manyan jaridu da tashoshi suka riƙa jiran kason kowace rana, Trump kuma ya ambaci WikiLeaks fiye da sau ɗari a watan ƙarshe. A Yulin 2018 mai bincike na musamman Robert Mueller ya tuhumi jami'an GRU 12 da sunayensu da lambobin rundunoninsu, 26165 da 74455, ko da yake bai sami isasshiyar hujjar haɗa baki tsakanin kamfen ɗin Trump da Mosko ba. Rasha na musantawa har gobe.

Akwai masu cewa na'urorin ƙirga ƙuri'a aka murɗe. An shiga rajistar masu zaɓe ta jihar Illinois, an kuma lalubi ƙofofin wasu jihohi da yawa, amma kwamitin Majalisar Dattawa da Republican ke jagoranta bai ga shaidar an canza ƙuri'a ko ɗaya ba. Akwai kuma masu ɗora laifin duka a kan Facebook da gidan sojojin baka na Yevgeny Prigozhin a St. Petersburg, suna kafa hujja da cewa saƙonninsu sun iya kaiwa ga mutum miliyan 126. Adadin na da ban tsoro, amma wucewa ta gaban ido daban, canza zuciya daban. Wani nazari da aka buga a mujallar Nature Communications a 2023 ya gano cewa a Twitter kashi 1 cikin 100 na masu amfani ne suka ga kashi 70 na saƙonnin Rasha, akasarinsu riƙaƙƙun 'yan Republican ne tun asali. Zaɓen da ƙuri'a kusan 78,000 a Michigan da Pennsylvania da Wisconsin suka yanke, ba wanda zai rantse a kan abin da ya karkata shi, amma takardun sata ne suka mamaye kanun labarai makonni, kuma ba Barashe ne ya rubuta kanun ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga.

Faransa ta nuna ɗaya fuskar. Ranar 5 ga Mayu 2017, saura kwana biyu zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, aka zubar da tarin saƙonnin kamfen ɗin Emmanuel Macron a intanet. Hukumar sa ido kan kamfe ta gargaɗi kafofin labarai, jaridar Le Monde ta ce ba za ta taɓa su ba sai bayan zaɓe, Macron ya ci da kashi 66. Za a ce ai tazararsa da Marine Le Pen ta yi yawa, kuma ɓarayin sun makara. Gaskiya ne, shi ya sa misalin bai isa hujja shi kaɗai ba. Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne: saƙonnin Podesta na gaske ne, to da wane dalili ɗan jarida zai ɓoye wa jama'a gaskiya? Amsata ita ce ɓarawon ne ya zaɓi gidan da zai fasa, ya zaɓi ranar saki, ya bar sirrin ɗaya ɓangaren a rufe. Editan da ya bi wannan jadawali kullum, ba tare da ya sa sunan mai satar da manufarsa a gaba ba, aikin wani yake yi ko bai sani ba.

A 2024 aka juya. Masu kutse na Iran suka shiga kamfen ɗin Trump, suka aika wa Politico da New York Times da Washington Post takardun cikin gida, har da kundin binciken da aka yi a kan JD Vance, abokin takarar Trump. Duka ukun suka ba da labarin kutsen, suka ƙi buga abin da ke ciki, kuma a watan Satumba aka tuhumi mutum uku na dakarun juyin juya halin Iran. Magoya bayan Clinton na da haƙƙin jin ciwo, don ba a yi mata wannan kara ba. A wannan watan ne kuma wani ɗan jarida mai zaman kansa, Ken Klippenstein, ya wallafa kundin a shafinsa, dandalin X ya dakatar da shi na ɗan lokaci, kuma labarin bai yi nisa ba domin manyan kafofi ba su ɗauka ba.